Sallar Faransawa ta 1899 da jinin Birnin Ƙonni

Babu ranar da Faransawa ke girmamawa a matsayinsu na al'umma kamar 14 ga watan Yuli. A wannan rana ce, cikin shekarar 1789, talakawan birnin Faris suka fasa kurkukun Bastille, wanda suke gani alamar ikon sarkin da ya gallabe su. Fursunoni bakwai kacal suka tarar a ciki, amma faɗuwar gidan ta buɗe ƙofar juyin da ya kawar da sarauta, ya bar musu taken da suke alfahari da shi har gobe: 'yanci, daidaito, 'yan'uwantaka. A 1880 majalisarsu ta kafa doka ta mai da ranar bikin ƙasa, al'adar kuwa ta zauna daram. Daren jajibiri a zaga gari da fitilu da badujala, gari ya waye a yi faretin soja, da maraice a cika dandali da rawa, dare ya yi a haska sama da wasan wuta. Bikin na faɗowa ne a tsakiyar lokacin zafinsu, sa'ad da yini ke da tsawo, alkama ta nuna a gona, manya da yara duk suna waje.

Bikin 1899 ya faɗo ranar Juma'a. A filin sukuwa na Longchamp da ke gefen Faris, gaban shugaban ƙasa Émile Loubet, jama'a suka yi ta tafi da sowa ga wasu baƙaƙen sojoji 'yan Afirka ta Yamma, waɗanda suka raka wani hafsan Faransa mai suna Marchand har Fashoda a bakin kogin Nilu suka dawo. A safiyar wannan Juma'a ɗin kuma, a Dankori cikin ƙasar Tasawa, wani kyaftin Bafaranshe ya umarci irin waɗannan sojoji su buɗe wuta kan kanar ɗin ƙasarsa. Kyaftin ɗin shi ne Paul Voulet, mutumin da wata biyu kafin nan ya mai da Birnin Ƙonni kufai.

Tun a 1898 gwamnatin Faransa ta ɗora wa Voulet da abokinsa Julien Chanoine aikin ratsawa daga kogin Kwara zuwa tafkin Chadi, don su haɗu da wasu runduna biyu, ɗaya daga Aljeriya, ɗaya daga Kwango. An san su tun 1896, lokacin da suka ci Wagadugu da wuta da bindiga. Chanoine kuwa ɗan janar ne, ubansa har ministan yaƙi ya yi a wannan shekara ta 1898, saboda haka ba mai taka musu burki. Turawan rundunar ba su kai goma ba. Sauran sojojin Afirka ne da aka ɗebo daga yamma, da 'yan dako kusan 800 da aka tilasta, ga igwa guda. Guzurin da aka ba su bai kai ko'ina ba, don haka duk garin da suka sauka shi zai ci da su, ko ya so ko ya ƙi. A watan Janairu na 1899, a Sansanin Hausa da ke bakin Kwara, suka kashe mutum 101, har da mata da yara. Ranar 16 ga Afrilu suka gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu, inda maharban Azna suka yi musu ɓarna kafin su janye cikin kurmi.

Daga nan suka nufo Ƙonni. Bisa yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka sa wa hannu a watan Yuni na 1898, an zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato aka bar wa Ingila, Ƙonni kuwa tana cikin wannan da'ira. Ko a dokar Turawan kansu, Voulet ba shi da hurumin taka garin. Amma arewa babu isasshen ruwa ga taron da ya kumbura da bayi da dabbobin ganima, kudu kuwa ga rijiyoyi ga rumbuna. Sai ya karkato.

Ranar Litinin 8 ga Mayu suka auka wa birnin. Lokacin ƙarshen watan Babbar Sallah ne na shekarar 1316, an gama layya da 'yan makonni, ana shirin shiga watan cika-ciki. Bazara ta yi tsanani, manoma sun share gonaki suna duban gabas. Ƙonni a wancan zamani babban birni ne mai ganuwa, mai mutane dubu goma ko fiye, musulmi da Azna na zaune tare, yana bin Sakkwato, fatake na shiga suna fita. Ganuwar ƙasa da kibiya da mashi ba su tsaya wa igwa da bindiga mai jeren harbi ba. Aka shiga garin aka yi ta kisa, aka cinna masa wuta, aka kwashe mata da 'yan mata aka raba wa sojoji. Masu binciken tarihi sun saɓa kan adadin mamatan, amma da yawansu na lissafa su da dubbai, kuma sun haɗu a kan cewa yana cikin kisan gilla mafi muni a tarihin mulkin mallakar Faransa. Ƙasar da ta haramta bauta tun 1848, ga tutarta a gaban ayarin bayi.

Abin da ya tona asirin rundunar wasiƙa ce. Voulet ya kori wani laftanar mai suna Peteau tun farkon tafiyar, shi kuwa ya rubuta wa budurwarsa a Faransa abin da idonsa ya gani. Wasiƙar ta bi hannu har ta kai ga hukuma. A watan Afrilu aka umarci Laftanar Kanar Klobb, wanda ya riƙe Tumbutu, ya bi sawunsu ya bincika, in abin ya tabbata ya karɓe ragamar rundunar. Ya tashi da Laftanar Octave Meynier da 'yan tsirarun sojoji, suka ratsa sama da kilomita 2000. Ba su nemi ɗan jagora ba, don toka da gawa su ne suka nuna musu hanya: garuruwa a ƙone, rijiyoyi cike da gawawwaki. Ya ga Ƙonni da idonsa. A Koran Kalgo, kusa da Tasawa, ya tarar da yara mata a rataye jikin itatuwa, ya kuma rubuta abin da ya gani a littafin tafiyarsa.

Da ya matso, sai ya aika wa Voulet cewa ga shi nan tafe da umarnin gwamnati. Voulet ya mayar masa da amsa cewa yana da bindigogi 600, in ya ƙara taku zai ɗauke shi abokin gaba. Klobb bai ja da baya ba. Safiyar 14 ga Yuli, damina ta sauka, mutanen karkara na bakin noma, ya sa kayan sarkinsa ya maƙala lambar girmansa a ƙirji, ya hau doki ya doshi layin bindigogin. Ya hana mutanensa harbi ko da an harbe su. Voulet ya ba da umarni, wuta ta tashi. Harsashi ya sami Meynier a ƙafa ya faɗi, Klobb kuwa nan take ya cika.

Da Voulet ya koma sansani, ya ciccire igiyoyin muƙaminsa, ya tara Turawan da ke tare da shi ya ce musu shi yanzu ba Bafaranshe ba ne, sarkin baƙar fata ne, kuma da waɗannan sojoji zai kafa daular kansa. A ranar da ƙasarsa ke bikin karya ikon sarki, shi ya naɗa kansa sarki a ƙasar mutane. Chanoine ya bi shi, sauran Turawan suka janye jiki. Sarautar ba ta yi kwana uku ba. Sojojin Afirka suka fahimci cewa in suka bi shi ba za su sake ganin gida ba, sai suka yi tawaye. Ranar 16 ga Yuli suka harbe Chanoine. Washegari Voulet ya nemi komawa sansani a Maijirgi, mai gadi ya bindige shi. Ramin mugunta, in ji Hausawa, a gina shi gajere. An binne su a Maijirgi, kaburburan na nan. An kuma ruwaito cewa a 1923 wani jami'in mulkin mallaka a Tasawa, Robert Delavignette, ya sa an tone su aka tarar babu kowa ciki, abin da ya ƙara wa labarin rassa a bakin jama'a.

Mutuwar mutanen biyu ba ta tsayar da aikin da aka aiko su ba. Ragowar rundunar ta ci Damagaram a ƙarshen watan Yuli, aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga bayan 'yan makonni. Joalland, ɗaya daga cikin Turawan rundunar, da Meynier suka wuce Chadi, aka haɗu da sauran runduna biyu, aka kashe Rabe, mai riƙe da Barno, a Kusiri ranar 22 ga Afrilu 1900. Daga baya Ingila da Faransa suka sake zana iyaka a 1904 da 1906, Ƙonni ta faɗa hannun waɗanda suka ƙone ta. Da mulkin mallaka ya kafu, ranar 14 ga Yuli ta zama ranar da ake kiran sarakuna da dawakansu da makaɗansu bariki, su taya kwamanda murnar 'yancin Faransa.

A Faris kuwa, da labari ya isa a watan Agusta, jaridu sun girgiza, amma kisan Klobb ne ya girgiza su. Wani ɗan majalisa, Paul Vigné d'Octon, ya nemi a kafa kwamitin bincike kan abin da aka yi wa mutanen ƙasa, majalisa ta ƙi da gagarumin rinjaye a ƙarshen 1900. Binciken ma'aikatar mulkin mallaka aka rufe shi a 1902, aka ce zafin Afirka ne ya taɓa wa kyaftin biyu ƙwaƙwalwa. Babu wanda ya tsaya gaban alƙali saboda Ƙonni. Klobb mutum ne mai zuciya, ya cancanci a ambace shi da alheri, domin ya zaɓi mutuwa a kan ya bari ɓarnar ta ci gaba da sunan ƙasarsa. Sai dai shi mutum ɗaya ne, an san sunansa da muƙaminsa da sa'ar da ya faɗi. Dubban da suka faɗi a Ƙonni babu takardar da ta riƙe sunayensu.

Waɗanda suka riƙe su su ne jikokinsu. Tsofaffi sun riƙa ba da labarin a zaure da tsakar gida, har Abdoulaye Mamani ya rubuta littafin Sarraounia a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, sannan a 2021 zuriyar garuruwan da abin ya shafa suka kai kukansu Majalisar Ɗinkin Duniya suna neman Faransa ta amsa laifi ta buɗe takardunta. Wannan neman hakki ne, kuma ya kamata a ci gaba da shi. Amma akwai abin da ba ya jiran izinin kowa. Faransawa sun ɗauki yini guda na tarihinsu suka kafa masa doka, suka koya wa kowane yaro, shi ya sa bayan shekara fiye da 200 ba wanda ya mance. Yaron da ya taso a Tajaye ko Malbaza ko Illela, yana saukowa Ƙonni cin kasuwa, ya kamata ya san ranar 8 ga Mayu kamar yadda ya san ranakun bikin ƙasa na 3 ga Agusta da 18 ga Disamba. A ware ranar, limamai su yi addu'a, malaman makaranta su karantar da abin da ya faru, a kuma zauna da tsofaffin da suka ji daga bakin kakanninsu a rubuta sunan kowace zuriya da aka kashe ko aka kwashe, tun masu labarin suna raye.