Lissafin JAMB: Tambaya 40, Agogo Ɗaya

Tambayoyi 180 a cikin minti 120. Abin da ke jiran duk ɗalibin da ya zauna gaban kwamfuta ranar jarrabawar UTME ke nan, wadda hukumar JAMB ke shiryawa. Turanci na da tambaya 60, sauran darussa uku kowanne 40. In aka raba lokacin daidai, kowace tambaya daƙiƙa 40 take samu. Mai neman injiniyanci, kimiyyar kwamfuta, tattalin arziki ko akanta, lissafi na cikin darussansa huɗu, kuma shi ne darasin da ya fi kowanne cin lokaci. Da yawa daga cikin waɗanda lissafin JAMB ke kayarwa sun san aikin, agogo ne ya riga su.

Tushen matsalar a aji yake. Ɗalibi ya shekara uku a babbar sakandare ana horar da shi don WAEC da NECO, inda a takardar rubutu malami ke ba da maki a kan kowane mataki, ko da amsar ƙarshe ta kauce. A JAMB babu mai duba takardar da ka yi aiki a kai. Zaɓi huɗu ne, A zuwa D, kwamfuta kuwa amsar kawai ta sani. Saboda haka dole salon shiri ya sauya.

Ga misali. An ce 2x² − 5x − 3 = 0, an jera amsoshi huɗu. Ɗalibin da ya saba da WAEC zai shimfiɗa doguwar fomula yana bi layi-layi. Wanda ya san kan JAMB zai ɗauki 3 daga cikin amsoshin ya saka: 18 a cire 15, a cire 3, saura sifili. Ya gama, ya wuce. Wannan ba satar hanya ba ce. Amsar tana gabanka, aikinka ka gane ta. Haka nan in an tambayi wani tsawo, amsar da ta zo da alamar ragi ta fita tun kafin ka ɗaga fensir.

Manhajar lissafi ta JAMB kashi biyar ce: lambobi, aljabara, jometiri da tirigonometiri, kalkulas, sai ƙididdiga. Tana nan a shafin hukumar na intanet kyauta, amma abin mamaki ɗalibi zai biya kuɗin lesin na wata uku bai taɓa buɗe ta ba. Kalkulas ne aka fi gudu, sau da yawa don zangon karatu ya ƙare malami bai kai wurin ba. A ganina gudun nan asara ce, domin kalkulas ɗin JAMB ba mai zurfi ba ne. In y = 3x², ka sauko da 2 ɗin sama ka ninka shi da 3, ka rage ɗaya a saman: 6x. Mako biyu na zama da ƙa'idojinsa na farko kan mayar da abin tsoro ya zama maki na araha. Haka ƙididdiga: matsakaici, lambar tsakiya, lambar da ta fi maimaituwa, da hanyoyin jera abubuwa. Mutum biyar ta hanya nawa za su zauna a benci ɗaya? 5 × 4 × 3 × 2 × 1, wato 120.

Ba a shiga zauren da kalkuleta. Akwai wata a fuskar kwamfutar, amma ƙarama ce, ta tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa, kuma latsa ta da linzami ma cin lokaci ne. Don haka wasu abubuwa sai dai a haddace: ninkin lamba da kanta har zuwa 20, sin da cos da tan na kusurwa 30, 45 da 60, da ƙa'idojin log. Wanda ya tsaya tunanin nawa ne cos 60 ya ba da daƙiƙun da tambaya ta gaba ke buƙata.

Tambayoyin shekarun baya su ne babban makami, sai dai yadda ake amfani da su ne ya lalace. Ana karanta tambaya, a leƙa amsa a bayan littafi, a gyaɗa kai. Wannan kallo ne, ba lissafi ba. Ɗauki tambaya 40, saita agogon waya a minti 40, rufe amsoshin. Bayan ka gama, ware kurakuranka gida biyu: wanda ba ka san hanyarsa ba, da wanda ka sani amma garaje ya sa ka ɓata alama. Na farko karatu yake so, na biyu natsuwa. Kuma a yi hattara, wasu littattafan kasuwa amsoshinsu na da kuskure. In aikinka ya saɓa da nasu sau biyu, kai wa malami ya raba gardama.

Tun 2015 jarrabawar ta koma kwamfuta gaba ɗaya, kuma har yau akwai ɗaliban ƙauye da na birni da ranar jarrabawa ce ranar farko da suke riƙe linzami. Ba a fafe gora ranar tafiya. JAMB kan shirya jarrabawar gwaji kafin ta gaske, a yi rajistarta. A san maɓallan: A zuwa D na zaɓin amsa, N na gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki.

A zauren, ba dole ne ka bi darussan a jere ba. Rabon da nake ba da shawara shi ne Turanci minti 30, sauran biyu minti 25 kowanne, lissafi minti 40. Zagaye na farko a kwashe masu sauƙi, duk wadda ta cije a tsallake ta a dawo. JAMB ba ta rage maki a kan amsar da ba daidai ba, don haka in saura minti uku, duk tambayar da ke fayau a zaɓa mata harafi kafin a latsa S.