Amanar da ke Wuyan Malami

Ya ku malamai da fatake na ƙasar Bagudo, kun san al'ada: in uba ya kai yaro gun malam, sai ya ce ga amana. Daga ran nan cinsa da kwanansa da jinyarsa suna wuyan malam.

To, ga abin da ya auku a Maga, nan Jihar Kebbi. Ran Litinin 17 ga Nuwamba 2025, kafin asuba, 'yan bindiga suka faɗa makarantar kwana ta 'yan mata, suka harbe mataimakin shugabanta, ya cika a bakin amanarsa. Suka tafi da yara 25. Ɗaya ta kuɓuta, sauran aka sako su bayan kwana 8. Na Birnin Yauri da aka kwashe a 2021, waɗansunsu ba su ga gida ba sai 2023.

Malamin allo, in gari ya ƙi zaunuwa, sai ya naɗe buzunsa, almajirai su ɗauki alluna, a yi gaba. Malamin boko ba shi da wannan dama, gama gini ba ya ɗaukuwa a ka. Inda aka ajiye shi nan zai kwana, daga shi sai alli.

Mu da ke bakin iyakar Benin, daga Tsamiya har Lolo, daji ya fi gari yawa. Saboda haka mai kai 'yarsa makarantar kwana, kafin ya tambayi kuɗi, ya tambayi malamin: soja nawa ke gadi, ƙarfe nawa suke tashi? Domin a Maga, Gwamna da bakinsa ya ce an janye sojan jim kaɗan kafin mutanen su iso.