Wayar Iska Ta Cikin Gida Da Haƙƙin Maƙwabci

Maganar yau a kan ɗan akwatin nan ne da ake ratayewa a kantuna da gidaje, wanda ake ce masa rauta. Aikinsa shi ne ya karɓo intanet daga kamfani, kana ya raba wa wayoyin hannu da kwamfutocin da ke kusa da shi ta iska, ba da igiya ba. Wannan rabo shi ake kira Wi-Fi.

Asalin abin daga tsibiran Hawayi ne na Amurka. A shekarar 1971 wani malamin jami'a, Norman Abramson, da abokan aikinsa suka sada kwamfutocin tsibiran ta rediyo, domin teku ta raba su. A 1997 masana suka daidaita a kan ƙa'ida guda ta irin wannan sadarwa, sunan Wi-Fi kuwa ya fito a 1999.

Amfaninsa a fili yake. Ɗan kasuwa ba ya fasa bango don ja igiya, in ya sake rumfa sai ya ɗauki akwatinsa ya tafi, kuma kuɗin data ɗaya ya ishi shi da yaransa. Sai dai na'urorin bi da bi suke magana, kamar majalisar dattawa: kowace ta saurara, in ta ji shiru ta yi tata. Saboda haka in sun yi yawa rabon kowa ya ragu. Ƙarfinsa a cikin gini bai cika wuce yadi 50 ba, kauri na bango yana rage shi, kwano da ƙofar ƙarfe kuwa sun fi tare shi.

To, amma ga inda maganar take da nauyi. Wannan iska ba ta san iyakar gida ba. Takan tsallake katanga ta shiga zauren maƙwabci, ta kai bakin titi. Shin ya halatta wanda ta iske ya yi amfani da ita ba da izini ba? Waɗansu sukan kawo hujja da abin da malaman fiƙihu suka ambata, cewa babu laifi mutum ya zauna a inuwar bangon wani, ko ya ga hanya da hasken fitilarsa. Lalle an faɗi haka, amma a dubi dalili: inuwa ba ta raguwa don an zauna cikinta, hasken fitila kuma ba ya ƙarewa don an dube shi. Data kuwa awo ake sayar da ita kamar gero. Wanda ya shiga ba da sani ba, man fitilar ya ɗiba, ba haskenta ba. Ko da mai akwatin ya sayi irin wadda ba ta da awo, baƙon ya rage masa sauri, sauri kuwa shi ma kuɗi aka biya. Tambayar mai shi ba ta da wuya, kuma sau da yawa ba ya hanawa.

Mai akwatin shi ma akwai abin da ya hau kansa. In ya bar shi a buɗe, wani ya aikata zamba ta cikinsa, sawun da za a fara bi nasa ne, tun da sunansa ke a rajistar kamfani. Har wa yau mugu yana iya shiga ya leƙa abin da ke wucewa, wannan kuwa haɗari ne ga mai aika kuɗi ta waya. Makullin farko, mai suna WEP, masana sun nuna rauninsa tun 2001, bai fi ƙofar zana ba. An fito da WPA2 a 2004, sa'an nan WPA3 a 2018, ɗaya daga cikin biyun nan ya kamata a zaɓa. Kalmar sirri kuma kada ta zama lambar wayar mai gida ko sunan ɗansa, gama su ɓarawo ke fara gwadawa. A sa mai tsawo, a kuma sake ta ranar da yaron kanti ya bar aiki. Akwatuna da yawa suna da ƙofa ta biyu domin baƙi, wadda ba ta kai su ga kwamfutar lissafin mai gida. Ita ya kamata a buɗe wa abokan ciniki da ɗalibai.