Labarin Jini A Tambayi Fitsari

Dubban mutanen da suka taɓa kamuwa da bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki suna haɗiyar asfirin kowace safiya, galibi miligiram 75 zuwa 100, domin kada jini ya dunƙule ya toshe musu jijiya. Amma duk da haka ciwon yakan sake kada waɗansunsu. Shin maganin ne ya gaza? Masana sun nemi amsa a cikin fitsari.

A cikin jini akwai ƙananan ƙwayoyi masu daskarar da shi in an ji rauni, waɗanda kan rayu kwana 7 zuwa 10. Idan za su manne da juna sukan saki wani sinadari mai suna turomboksen, wanda Bengt Samuelsson da abokan aikinsa suka gano a Suwidin a 1975. Aikin asfirin shi ne hana su ƙera shi.

To, wannan sinadari ba ya wuce kamar daƙiƙa 30 a jini kafin ya lalace, kuma tsira allura kanta takan zuga ƙwayoyin su ƙara sakinsa, awo ya ɓaci. Amma burbushinsa yakan bi ta ƙoda ya fita a fitsari, inda ake iya auna shi ba tare da an taɓa jijiya ba.

A 2002 John Eikelboom da abokan bincikensa suka bayyana abin da suka gani a fitsarin majinyata 976 masu shan asfirin a Kanada. Waɗanda burbushin ya fi yawa a fitsarinsu sun ninka masu ƙarancinsa sau 2 wajen haɗarin bugun zuciya, sau 3 da rabi kuma wajen mutuwa ta ciwon zuciya da jijiyoyin jini.

Sai dai awon manuni ne, ba hukunci ba. Shan taba, ciwon sukari da ƙiba duk sukan ɗaga shi, don haka likitoci ba su mayar da shi gwajin kowa da kowa ba. Sau da yawa ma laifin ba na jini ba ne: ko dai majinyaci yana tsallake kwanaki, ko kuwa yana shan ibufurofen kafin asfirin, ya tare masa hanya.

Saboda haka wanda aka ɗora bisa asfirin kada ya daina ko ya ƙara da kansa. Ya kuma gaya wa likitansa duk maganin ciwon jikin da yake saye a kemis.