Daga Hasken Rana Zuwa Teburin Mai Kifi a Kasuwar Arzeke

Duk ɗan kasuwar da ke sarin kifi daga Kwatano zuwa Parakou da Djougou ya san cewa kifin teku na da lokacinsa. Wani watan ya yi araha, wani watan ya gagari talaka. To, ko mai karatu ya san cewa tushen wannan lamari wata gansakuka ce da ido ba ya iya gani?

A saman ruwan teku akwai ƙananan gansakuka masu ɗimbin yawa da ke yawo. Cikin jikinsu akwai wani koren sinadari da ake kira kulorofil, irin na ganyen shuka. Da haske ya faɗa masa sai ya cafke ƙarfinsa, da shi gansakukar ke fasa ruwa ta saki iskar oksijin. Ragowar ƙarfin kuma ta haɗa sukari da shi daga iskar kabon da ta narke a ruwa. Masana sun ƙiyasta cewa kusan rabin oksijin da ake samarwa a duniya daga teku yake fitowa.

Sai dai haske ba ya nisa a ruwa. Jan haske a sama-sama yake ƙarewa, shuɗi da kore ne ke nutsawa, kuma bayan mita 200 babu isasshen hasken yin wannan aiki. Shi ya sa wasu gansakukan suke da ƙarin sinadarai ja ko ruwan ƙasa, masu kama hasken da kulorofil ba ya kamawa sosai.

Haske kaɗai bai isa ba, sai da taki. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan sanyi na tasowa daga ƙarƙashin teku a gaɓar Ghana da Kwaddibuwa ɗauke da sinadaran gina jiki. Nan take gansakuka ke yaɗuwa, ƙananan halittun ruwa su ci, kifin sadin ya bi su. Irin wannan tasowar ruwa ce ta azurta gaɓar Maroko da Muritaniya da kifi.

Amma kamun da ya wuce ƙima ya rage sadin a Ghana matuƙa, har a shekarar 2019 gwamnati ta dakatar da masu kwale-kwale daga kamu na tsawon wata guda. Saboda haka mai sari daga Ganou ya riƙa lura da watannin nan da kuma dokokin ƙasashen gaɓa kafin ya zuba jarinsa.