Ganin Likitan Ƙwaƙwalwa: Ta Waya ko Ido da Ido?

Tun daga 2020, lokacin da annobar korona ta tilasta wa duniya zaman gida, ganawa da masanin lafiyar ƙwaƙwalwa ta waya ko bidiyo ta zama ruwan dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar farko ta annobar, ciwon damuwa da fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari. Mabuƙata suka yi yawa, asibitoci suka taƙaita karɓar jama'a, sai waya ta cike giɓin. Annoba ta lafa, amma tsarin ya samu gindin zama.

A Najeriya akwai ƙarin dalilai. Likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba, ga al'umma sama da miliyan 200. Asibitocin wannan fanni, irin na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Dawanau a Kano, sun yi wa mutumin karkara nisa. Ga kuma tsangwama: wanda aka gani a can sai a laƙaba masa hauka, har abin ya shafi neman aurensa. Ta waya kuwa, mai jegon da damuwa ta addaba za ta iya amayar da abin da ke cikinta ba tare da maƙwabta sun sani ba. Bincike da dama sun nuna cewa ga damuwar da ba ta yi tsanani ba, tattaunawa ta bidiyo tana kusan kamo ta ido da ido wajen amfani.

Sai dai akwai abin da waya ba ta iya nunawa. Likitan da ke zaune da majiyyaci yana lura da ramarsa, da rawar hannunsa, da tsabtar jikinsa, yana kuma jin ta bakin ɗan'uwan da ya rako shi. Wanda ke jin muryoyi, ko ya yi nisa a shaye-shaye, ko yake tunanin hallaka kansa, yana buƙatar gwaji da magani, wani lokacin har da kwanciya.

Sirri ma ba shi da tabbas. A gidan yawa, ina mace za ta keɓe ta yi magana awa guda, balle in wayar ta maigida ce? Ko a Amurka, a 2023 hukumar kare masu sayayya ta sa kamfanin BetterHelp, mai irin wannan aiki ta intanet, biyan dala miliyan 7.8 saboda miƙa bayanan masu neman taimako ga irin su Facebook domin talla. Ga tsadar data, ga sabis mai yankewa, ga ƙarancin ƙwararru masu jin Hausa.

Saboda haka waya mafari ce mai kyau, kuma hanya ce ta bibiyar wanda aka riga aka duba, amma ba ta maye gurbin asibiti. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya da aka sa wa hannu a 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba hukumomi madafa. Ya kamata su tantance masu wannan aiki ta intanet, su kare sirrin majiyyata. Mu kuma iyalai, idan ciwo ya yi tsanani, mu kai ɗan'uwanmu gaban likita ba tare da jin kunya ba.