Jinin Ma'aikata da Kwamitocin Bincike

Abin da nake so mu duba a yau shi ne dalilin da ya sa ake kashe 'yan ƙungiyar ƙwadago a ƙasashe dabam-dabam, sa'an nan maganar ta shiririce ba a hukunta kowa ba. A ganina, babbar kafar da masu laifi suke sulalewa ta cikinta ita ce kwamitin bincike, in an kafa shi a madadin kotu.

Bari mu fara daga gida. Ran 18 ga Nuwamba, 1949, ma'aikatan haƙar kwal na Iva Valley a Inugu suna cikin wani irin yajin aiki, watau suna zuwa aiki amma suna jan ƙafa, saboda kuɗin da suka ce suna bin hukumar kwal. Gwamnatin mulkin mallaka ta ji tsoron kada nakiyoyin fasa dutse su faɗa hannun 'yan siyasa, sai ta aika da 'yan sanda su kwashe su. Nan fa wani Baturen 'yan sanda mai suna F. S. Philip ya ba da umurnin a buɗe wuta. Mutum 21 suka mutu, 51 suka yi rauni. Aka naɗa kwamiti a ƙarƙashin Fitzgerald, ya zauna ya saurari shaidu, ya ce jami'in ya yi kuskure wajen auna al'amari. Kuskure! Ba a kai shi gaban alƙali ba.

To, a nan ne ya kamata mu tsaya mu bambanta abubuwa biyu. Aikin kwamiti shi ne ya gano abin da ya faru, ya ba da shawara ga gwamnatin da ta naɗa shi, wadda sau da yawa ita ce ake tuhuma. Ba ya ɗaure kowa. Kafin ya gama zamansa zukata sun huce, shaidu sun watse, jaridu sun koma kan wani labari. Kotu kuwa mutum take kira da sunansa, ta tambaye shi wa ya ba shi umurni. Wanda ya riƙe bindiga gobe, abin da ya sami na jiya yake dubawa.

Kada a ce wannan halin Turawan mulki ne kaɗai. Ran 16 ga Agusta, 2012, 'yan sandan Afirka ta Kudu suka harbe masu yajin aiki 34 a mahaƙar Marikana, a ƙarƙashin zaɓaɓɓiyar gwamnati. Gaskiya ne an kashe mutum 10 a kwanakin da suka gabata, har da 'yan sanda biyu. Amma abin mamaki, waɗanda aka fara tuhuma da kisan abokan aikinsu su ne ma'aikata 270 da aka kama, sai da jama'a suka yi ca kana aka janye tuhumar. Rahoton kwamitin Alƙali Farlam ya fito cikin 2015. Har aka cika shekara goma, cikin 2022, ba ɗan sanda ko ɗaya da aka hukunta saboda harbin wannan rana.

Dokar duniya ba ta yi shiru ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar da Yarjejeniya ta 87 kan 'yancin kafa ƙungiya cikin 1948, Nijeriya ta amince da ita cikin 1960. Tun 1951 kuma akwai kwamitinta mai sauraren ƙararraki, wanda ya sha nanata cewa 'yancin ƙungiya ba ya yiwuwa inda ake zaman ɗar-ɗar, kuma rashin yanke hukunci kan masu kisa shi ke ƙara musu ƙarfin gwiwa. Sai dai shi ma ba shi da kurkuku. Ƙarfinsa kunyatar da gwamnati ne a idon duniya.

Wannan kunya takan yi amfani. Kolombiya, inda aka kashe dubban 'yan ƙwadago tun daga shekarun 1980, ta ƙulla yarjejeniya da ma'aikata da masu kamfanoni a Janeba cikin 2006, ta ware lauyoyin gwamnati na musamman don waɗannan shari'u kaɗai. An sami hukunce-hukunce masu yawa bayan haka, ko da yake galibinsu sun faɗa kan 'yan bindigar da aka aika ne, waɗanda suka aike su kuwa kaɗan ne hannu ya kai gare su.